Bibiyar majinyaci daga nesa: Yadda fasahar take aiki da wanda ke biyan kuɗinta

Mai fama da hawan jini ko ciwon sukari yakan ga likita sau ɗaya a wata, wani ma sai bayan wata uku. A wannan ganawa ta 'yan mintoci ake auna shi, a rubuta masa magani, a sa masa ranar dawowa. Abin da ya faru da jikinsa a sauran ranakun, ko jini ya hau cikin dare, ko sukari ya faɗi bayan doguwar tafiya, ba a cika sani ba sai ciwon ya kwantar da shi. Wannan giɓi ne fasahar bibiyar majinyaci daga nesa ta zo cikewa, kuma a kansa aka gina wata kasuwa da manyan kamfanonin duniya suka zuba biliyoyin daloli a cikinta, wasu suka ci riba, wasu suka tafka asara.

Masu buƙatar irin wannan kulawa suna da yawa. A rahoton da ta fitar a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. Sai dai tarihin fasahar da binciken da aka yi a kanta sun nuna cewa amfaninta ya rataya ne a wuyan ma'aikacin lafiyar da ke karanta awon da na'ura ta aiko, da kuma wanda ke biyan wannan ma'aikaci albashi.

Yadda take aiki

Bibiyar majinyaci daga nesa ta bambanta da ganin likita ta bidiyo. A ganawar bidiyo, likita da majinyaci suna magana na ɗan lokaci su rabu. A bibiya kuwa, awon jikin majinyaci ne ke tafiya asibiti kullum, yana gida ko yana shagonsa, ko da bai yi magana da kowa ba.

Tsarin yana tsaye ne a kan ƙafa uku. Ta farko ita ce na'urar awo: ma'aunin hawan jini da ake ɗaurawa a dantse, ma'aunin sukari, sikelin nauyi, ko ɗan ƙaramin matsi da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini. Akwai kuma wani faifai mai girman kwabo da masu ciwon sukari ke mannawa a bayan dantse, wanda ke auna sukari dare da rana har tsawon mako biyu, ba sai an huda yatsa ba. Wasu na'urorin ma a cikin jiki ake dasa su, kamar batirin daidaita bugun zuciya.

Ƙafa ta biyu ita ce hanyar aika awon, ko ta manhajar wayar salula, ko ta layin sadarwa da aka sanya a cikin na'urar kanta. Ta uku ita ce ma'aikacin jinya ko likitan da ke duba abin da ya shigo. Kwamfuta takan tace alƙaluman, ta ware waɗanda suka wuce iyakar da aka gindaya wa kowane majinyaci, sannan ma'aikaci ya buga waya ya yi tambayoyi, ya gyara adadin magani ko ya ce a taho asibiti.

Misalin mai raunin zuciya ya fi fito da hikimar abin. Idan zuciya ta kasa harba jini yadda ya kamata, ruwa yakan fara taruwa a jiki kwanaki kafin numfashi ya sarƙe. Alamar farko ita ce ƙarin nauyi, shi ya sa likitoci ke gargaɗin cewa ƙaruwar kilo biyu cikin kwana uku abin dubawa ne. Idan sikeli ya aika wannan labari da wuri, ƙara ƙwayar da ke sa fitsari na iya hana kwanciyar asibiti ta mako guda.

Asalin fasahar

Tunanin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1905, masanin nan ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya aika zanen bugun zuciyar majinyaci ta wayar tarho daga asibitin birnin Leiden zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kimanin kilomita ɗaya da rabi, saboda injin awon nasa ya yi girman da ba a iya kai shi gefen gado. A ƙarshen shekarun 1940, Norman Holter na jihar Montana a Amurka ya ƙera na'urar da mutum zai goya yana harkokinsa tana aika bugun zuciyarsa ta rediyo. Ta farko ta kai nauyin kilo 38. Yau jikokinta ba su fi tafin hannu ba, kuma har yanzu sunansa suke amsawa. A shekarun 1960, hukumar NASA ta riƙa bibiyar numfashi da bugun zuciyar 'yan sama jannati daga ƙasa.

Gwaji babba a kan talakawan majinyata ya zo ne daga ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, wadda ta fara shirin kula da marasa lafiya a gidajensu a 2003. Rahoton da aka wallafa a 2008 kan mutum sama da 17,000 ya nuna cewa kwanakin jinya a asibiti sun ragu da kashi 25 cikin ɗari, kwantarwa kuma ta ragu da kashi 19. Abin lura a nan shi ne ma'aikatar ita ce mai asibitocin, ita ce kuma mai biyan kuɗin jinya, don haka duk gadon da ba a kwanta a kansa ba ribarta ce kai tsaye.

Abin da bincike ya gano

Sakamakon manyan gwaje-gwaje bai zo iri ɗaya ba, kuma a cikin bambancin nan darasin yake. A 2010 aka wallafa wani gwaji na Amurka mai suna Tele-HF, wanda ya ƙunshi masu raunin zuciya 1,653. An umarci rabinsu su riƙa kiran wata lamba kullum su shigar da nauyinsu da alamomin da suke ji. Bayan wata shida, babu wani bambanci tsakaninsu da sauran a yawan mutuwa ko komawa asibiti. Kashi 14 cikin ɗari ba su taɓa kiran lambar ba ko sau ɗaya, kuma a makon ƙarshe kashi 55 kaɗai ke ci gaba da kira akai-akai.

A Ingila, gwamnati ta ƙaddamar da nata gwajin a 2008 a yankunan Kent, Cornwall da Newham, da mutum 3,230 masu ciwon sukari, ciwon huhu ko raunin zuciya. Sakamakon da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2012 ya nuna mutuwa kashi 4.6 cikin ɗari a ɓangaren waɗanda aka bibiya, da kashi 8.3 a ɗaya ɓangaren. Amma da masana tattalin arziki suka yi lissafi a shekarar da ta biyo, sai suka gano cewa kowace shekara guda ta ƙoshin lafiya da shirin ya ƙara ta ci fam 92,000, wato ninki uku na abin da hukumomin ƙasar suka saba ɗauka a matsayin kuɗin da ya biya.

Gwajin Jamus mai suna TIM-HF2, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2018, ya bi wata hanya daban. Majinyata sama da 1,500 aka sa a ciki, kuma waɗanda aka bibiya suna aika nauyi, hawan jini, zanen bugun zuciya da awon oksijin kullum zuwa wata cibiya a asibitin Charité da ke Berlin. A cibiyar akwai likitoci da ma'aikatan jinya dare da rana, ba Asabar ba Lahadi, kuma suna da ikon canza magani ko tura motar asibiti nan take. Kwanakin da majinyaci ke rasawa a shekara saboda kwanciyar gaggawa ko mutuwa sun sauko daga kimanin 24 zuwa kimanin 18, yawan mutuwa ma ya ragu. Daga 2022, inshorar lafiya ta Jamus ta fara biyan kuɗin wannan kulawa.

Na'urorin da aka yi amfani da su a Berlin ba wasu na ban mamaki ba ne. Abin da ya raba gwajin da na baya shi ne an zaɓi majinyatan da suka fi buƙata, an koya musu amfani da kayan, kuma akwai mai amsa kira a kowace sa'a.

Yadda kasuwar ta buɗe

A Amurka, abin da ya daɗe yana daƙile fasahar shi ne likita ba ya samun ko sisi idan ya zauna yana duba alƙaluman majinyacin da bai zo asibiti ba. Babban sauyi ya zo a 2019, lokacin da Medicare, wato inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, ta fara biyan kuɗi a kan abubuwa uku: haɗa na'ura da koyar da majinyaci, samar da na'urar a kowane wata, da lokacin da ma'aikaci ya ɗauka yana bibiya. Sharuɗɗan da aka fara da su su ne na'urar ta aiko da awo na aƙalla kwana 16 cikin 30, ma'aikaci kuma ya ba da aƙalla minti 20 a wata.

Annobar korona ta zo ta ƙara wa wutar mai. Asibitoci sun cika, tsofaffi na tsoron fita, ga shi cutar na iya rage oksijin a jini ba tare da mutum ya ji numfashinsa ya canza ba. A ƙarshen 2020, hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta fara raba wa masu cutar ma'aunin oksijin su riƙa aunawa a gida. Daga nan tsarin ya faɗaɗa zuwa jinyar mutane a gidajensu ƙarƙashin kulawar asibiti, har irin waɗannan gadaje suka kai 10,000 a 2023.

Alƙaluman Amurka sun nuna saurin bunƙasar. Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar ƙasar ya ba da rahoto a watan Satumba na 2024 cewa masu cin gajiyar bibiya a ƙarƙashin Medicare sun tashi daga kimanin 55,000 a 2019 zuwa kimanin 570,000 a 2022, kuɗin da aka biya kuma daga dala miliyan 15 zuwa sama da miliyan 300. Amma rahoton ya ƙara da cewa kimanin kashi 43 cikin ɗari na majinyatan ba su sami dukkan ɓangarorin uku ba. Tun kafin wannan, ofishin ya gargaɗi jama'a kan wasu kamfanoni da ke kiran tsofaffi a waya su yi musu rajista, su riƙa karɓar kuɗi duk wata alhali babu wata bibiya da ake yi.

Masu riba da masu asara

Ɗan kasuwa zai gane tsarin cinikin nan da nan. Kamfanonin da suka fi cin riba su ne masu sayar da abin da ke ƙarewa a sake saye, kamar mai sayar da injin buga takardu da araha don ya riƙa sayar da tawada. Faifan awon sukari na kamfanin Abbott, mai suna FreeStyle Libre, ana sauya shi duk mako biyu, kuma a 2023 kaɗai cinikinsa ya haura dala biliyan 5. Kamfanin Philips ya sayi BioTelemetry, mai bibiyar masu ciwon zuciya, kan kimanin dala biliyan 2.8 a cinikin da aka kammala a farkon 2021. Su ma masu ƙera agogon hannu sun shigo, tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da awon bugun zuciya na agogon Apple a 2018.

Waɗanda suka saya a lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo kuwa sun ji jiki. A 2020, kamfanin Teladoc ya sayi Livongo, mai bibiyar masu ciwon sukari, kan dala biliyan 18.5. Bayan shekara biyu, ya rubuta asarar daraja ta sama da dala biliyan 13 a littattafansa. Kamfanin sayar da kayan lantarki na Best Buy ya sayi Current Health kan kimanin dala miliyan 400 a 2021, da fatan shiga harkar jinya a gida, amma a 2025 ya rabu da shi. Dalilin irin wannan faɗuwa a fili yake: sayar da na'ura ciniki ne na sau ɗaya, riƙe majinyaci yana aunawa kullum da biyan ma'aikatan da za su amsa masa kuwa ɗawainiya ce da ba ta yankewa.

Wannan ma na daga cikin abin da ya sa rahotannin da ke hasashen girman kasuwar ke saɓa wa juna ƙwarai. Wasu suna lissafawa har da agogon hannu da injinan ɗakin kulawar gaggawa, wasu kuma hidimar bibiyar kaɗai suke ƙirgawa. Mai niyyar zuba jari ya kamata ya fara tambayar abin da aka ƙirga kafin ya dogara da kowane adadi.

Inda ake samun tangarɗa

Matsala ta farko ta shafi duk mai baƙar fata. Ma'aunin oksijin na yatsa yana aiki ne da haske da ke ratsa fata, kuma launin fatar na shafar abin da yake karantawa. Masu bincike na Jami'ar Michigan sun wallafa a watan Disamba na 2020 cewa a cikin waɗanda na'urar ta nuna oksijin ɗinsu na tsakanin 92 da 96, gwajin jini ya tabbatar da cewa ainihin adadin ya gaza 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, da kashi 3.6 na fararen fata. Ma'ana, na'urar na iya kwantar wa mutum hankali alhali yana cikin haɗari. Wanda numfashinsa ke yi masa wuya ya nufi asibiti ko me allon ya nuna.

Ta biyu ita ce yawan ƙararrawa. Idan an gindaya iyaka mai tsauri, ma'aikaci ɗaya zai iya wayar gari da ɗaruruwan saƙonnin gargaɗi, akasarinsu daga kuskuren awo, har ya saba da su ya daina ɗaukar su da muhimmanci. Ta uku ita ce sirri. Awon jiki na kullum yana bayyana abubuwa da yawa game da mutum, kuma idan ya faɗa hannun da bai dace ba zai iya shafar aikinsa ko inshorarsa.

Abin da ya shafi Najeriya

A birane irin su Kano, Kaduna da Abuja, ma'aunin hawan jini da na sukari sun riga sun shiga gidaje da shagunan sayar da magani, kuma ba baƙon abu ba ne mutum ya ɗauki hoton awonsa ya tura wa wani likita da ya sani ta WhatsApp. Wannan ma bibiya ce daga nesa, amma wadda ta dogara da alfarma: ba a rubuta ta a fayil, babu wanda aka ɗora wa alhaki, kuma ranar da likitan ya shiga tiyata ko ya kashe waya, saƙon zai kwana ba a karanta ba.

Buƙatar kuwa a bayyane take. Likitoci sun yi ƙaranci, wasu na ƙaura zuwa ƙasashen waje, layin asibitocin koyarwa na cinye wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci yini guda. Hawan jini a lokacin goyon ciki, wanda kan kai ga jijjiga, na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu juna biyu a ƙasar, kuma awo a gida tsakanin ranakun zuwa awon ciki na iya gano shi da wuri.

Cikas ɗin shi ne wanda Amurka ta fuskanta a baya, wato rashin mai biya. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita, kuma mutumin da ke fafutukar sayen maganin wata da wuya ya ƙara da kuɗin bibiya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi kamar Kano da Kaduna kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da ake cirar kuɗinsu daga albashin ma'aikata. Makomar wannan kasuwa a ƙasar za ta dogara ne kan ko waɗannan hukumomi za su ga cewa biyan ma'aikaciyar jinya ta bibiyi masu hawan jini ɗari ya fi sauƙi a kan biyan jinyar shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda. Sai kuma sauran ƙalubale da kowa ya sani: wutar lantarki, tsadar data, da shigo da kaya da dala.

Ta fuskar doka, hukumar NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Duk kamfanin da ke tara awon jama'a ya hau kansa ya bi wannan doka.

Kafin a saya

Wanda aka yi wa tallan irin wannan hidima, don kansa ko don iyayensa, yana da tambayoyin da ya kamata ya yi. Wane ne ke duba awon, kuma yana da lasisin aiki? Cikin sa'a nawa ake kiran majinyaci idan awo ya wuce iyaka, kuma me ake yi da dare ko ranar hutu? Shin likitan da ke rubuta maganin yana ganin alƙaluman? Nawa ne kuɗin abubuwan da ke ƙarewa a kowane wata? Ina ake ajiye bayanan, kuma wa ke iya ganin su? Idan mai tallan ya fi ba da ƙarfi wajen kyan na'ura fiye da amsa waɗannan, to a yi hattara.

Ko babu kamfani a tsakani, awo a gida na da amfani idan an yi shi daidai. Likitoci sun fi yarda da ma'aunin dantse a kan na wuyan hannu, da sharaɗin maɗaurin ya dace da kaurin dantsen. Ana so mutum ya zauna ya huta na minti biyar, ya jingina bayansa, ya ɗora hannu daidai ƙirji, ya auna sau biyu safe da yamma, ya rubuta a littafi da kwanan wata. A gida, matsakaicin awon da ya kai 135 bisa 85 ko ya wuce ana ɗaukar sa a matsayin hawan jini, ƙasa kaɗan da 140 bisa 90 da ake amfani da shi a asibiti. Littafin nan shi za a kai wa likita ranar komawa, kuma shi kaɗai ke da hurumin ƙara magani ko rage shi.